Sharhin Fim: Downton Abbey da Gidan da Rake Ya Gina

Tun da aka saki fim na uku na Downton Abbey a watan Satumba na 2025, tsofaffin sassan labarin suka sake dawowa kasuwa. Masu tura fina-finai a waya sun shaida haka, 'yan makarantarmu da matan gida masu jin Turanci ma sun shaida. Filin sharhi na wannan fitowa zai tsaya ne a kan fim na farko, wato na 2019, wanda Julian Fellowes ya rubuta, Michael Engler kuma ya ba da umarni. Na zaɓe shi ne saboda gidan da labarin ya ƙare a cikinsa. Gida ne na gaske, masu shi mutane ne na gaske, kuma takardun da ke nuna inda suka samo dukiyarsu suna nan a ajiye, ba su ɓata ba.

Bari in faɗi hukuncina tun da wuri, don wanda ke sauri: fim ne mai daɗin kallo, an kashe masa kuɗi, an kuma iya aikin. Amma ya yi shiru a kan tambaya ɗaya da bai kamata mai hankali ya tashi daga gaban talabijin bai yi ta ba. Ina waɗannan mutane suka samo wannan uwar dukiya?

Labarin a taƙaice

Ga wanda bai taɓa kallo ba, Downton Abbey ya fara ne a matsayin shiri mai dogon zango a tashar ITV ta Ingila, daga 2010 zuwa 2015, zango shida. Labarin iyalin Crawley ne, gidan sarauta a yankin Yorkshire. Maigidan, Robert, yana riƙe da sarautar Earl, kamar dai a ce babban hakimi mai ƙasa. A saman bene iyayen gida suke, a ƙasa kuma barori: Carson shugaban hadimai, Misis Hughes mai kula da 'yan aiki mata, Misis Patmore kuku, da sauransu. Iyalin Crawley ƙirƙirarsu aka yi, babu su a tarihi.

Fim ɗin 2019 ya ɗauko mu ne a shekarar 1927. Wasiƙa ta zo daga fada cewa Sarki George na Biyar da Sarauniya Mary za su kwana ɗaya a Downton. Gida ya rikice da shiri. Ma'aikatan fada suka iso da girman kai, suka ture barorin gidan gefe, su kuma barorin suka shirya musu gadar zare har suka ƙwace damar yi wa Sarki hidima da hannunsu. Akwai wani da ya zo da niyyar harbe Sarki, Tom Branson ya hana. Akwai rigimar gado tsakanin tsohuwa Violet da wata 'yar'uwar gidan, Lady Bagshaw, wadda ta ƙudura bar wa baranyarta Lucy dukiyarta, daga baya aka gano ashe 'yarta ce ta ciki. Daga ƙarshe kowa ya ɗunguma zuwa babbar liyafar rawa a gidan Harewood, inda fim ɗin ya nuna Gimbiya Mary, 'yar Sarki, tana zaune da mijinta Lord Lascelles.

Abin da aka iya

Sai an yi adalci. Marigayiya Maggie Smith, wadda ta fito a matsayin Violet, ta riƙe fim ɗin da baki kawai. Tsohuwa ce mai habaici, irin kakar nan da ke zaune a tsakar gida tana jan carbi, amma babu wanda zai gifta bai sha magana ba. Wurin da ta keɓe da jikarta Mary tana gaya mata cewa likita ya ce kwananta sun kusa ƙarewa, shi ne wuri mafi nauyi a fim ɗin duka, kuma an yi shi ba tare da kururuwa ko birgima ba. Masu shirya mana fina-finai a Kano da Kaduna suna da darasi a nan: ba dole sai an saka kiɗan tausayi na minti biyar ba kafin mai kallo ya ji abu a ransa.

Sutura, motoci, kwanuka, hasken ɗakuna, duk an yi su da lura. Fellowes ya kuma iya jan zaren labarai da yawa a lokaci guda ba tare da sun cukurkuɗe ba. Ba a banza ya ci kyautar Oscar ba da rubutun fim ɗin Gosford Park na 2001. Fim ɗin Downton na farko ya tara sama da dala miliyan 190 a duniya, wato dai ba mu kaɗai ya burge ba.

Raunin da kowa zai iya gani shi ne, babu wata matsala a fim ɗin da take kai wa ga cizo. Maharbin Sarki an gama da shi tun kafin a kai tsakiya. Tawayen barori kuwa, in ka duba da kyau, me suke nema? Ba ƙarin albashi ba, ba hutu ba. Faɗa suke yi a kan waye zai samu alfarmar miƙa wa Sarki faranti. Kai, ko Tom Branson, wanda ya shigo labarin a matsayin direba ɗan Ayalan mai adawa da sarauta, a nan shi ne ya ceci ran Sarki, shi ne kuma, ba tare da ya san ko wace ce ba, ya sa Gimbiya ta fasa rabuwa da mijinta. Duk wani mai ƙorafi, sai labarin ya lallaɓa shi ya mai da shi ɗan gida.

Kuɗin da ake faɗin asalinsu da waɗanda ba a faɗa

Wani zai ce ai shirin yana maganar kuɗi. Gaskiya ne, yana yi. Mun san Robert ya auri Cora, Ba'amurkiya, don dukiyar ubanta ɗan kasuwa ta ceto gidan. Mun san a zango na uku ya zuba kuɗin a kamfanin jirgin ƙasa na Grand Trunk a Kanada suka narke, sai gadon da Matthew ya samu ya sake tayar da gidan. Wannan ma yana da kama da tarihin Highclere, gidan da ake ɗaukar shirin a ciki: a 1895 Earl na biyar na Carnarvon ya auri Almina, wadda ta zo da fam 500,000 daga attajiri Alfred de Rothschild. Shi ne kuma mutumin da ya ɗauki nauyin tonon da ya kai ga gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922.

To amma lura da wani abu. Duk kuɗin da shirin ya faɗi asalinsu sababbin kuɗi ne, na 'yan kasuwa da lauyoyi, kuma da ɗan yatsine ake ambatarsu. Tsofaffin kuɗin kuwa, wato ƙasar da ginin da gonakin da talakawa ke biyan haya a kansu, ba a taɓa cewa ga inda suka fito ba. Ana nuna su kamar dutse ko kogi, abin da aka tarar haka nan. Robert yakan nuna shi mai riƙon amana ne kawai, an miƙo masa zai miƙa wa na baya. Magana mai daɗi. Amma wa aka karɓe wa kafin a fara miƙe-miƙen?

Dubi abin da ya sami iyalin Drewe, manoman da suka yi kaka da kakanni suna haya a gonar Yew Tree. Su suka riƙe wa Edith 'yar da ta haifa a ɓoye, suka rufa mata asiri. Da matar manomin ta kasa cire yarinyar daga ranta, su aka ce su tattara su bar gonar, kuma labarin ya wuce kamar an yi abin da ya dace. Mu da muke zaune a ƙasar wasu, muke biyan kuɗin fili ga gidajen masu ƙasa shekara da shekaru, ba sai an fassara mana wannan ba. Ranar da mai ƙasa ya juya maka baya, daɗewarka ba ta zama takarda.

Gidan Harewood

Tunda Crawley ƙirƙira ne, ba za mu iya bin sawun dukiyarsu ba. Amma fim ɗin da kansa ya kai mu gidan Lascelles, kuma su ana iya bin nasu.

Asalinsu masu ɗan rufin asiri ne a arewacin Yorkshire, wajen garin Northallerton. Tun tsakiyar ƙarni na 17 wasu daga cikinsu suka fara hulɗa da tsibirin Barbados, inda Turawan Ingila ke noman rake da bayin da aka kwaso daga Afirka. Wanda ya kafa arzikin gidan shi ne Henry Lascelles, an haife shi a 1690. Ya tafi Barbados yana saurayi, ya zama shugaban kwastan a Bridgetown wajejen 1715, daga baya ƙanensa Edward ya gaje shi a kujerar. An zarge su da cuwa-cuwa a lissafin kwastan har aka yi bincike. Henry ya kuma samu kwangilar sayar wa sojojin ruwan Ingila abinci. Ga fataucin sukari, ga fataucin mutane.

A shekarun 1730, bayan ya koma Landan, shi da abokan cinikinsa suka ɓullo da wata dabara. Suka girke jiragen ruwa a gaɓar Anomabu, a ƙasar Ghana ta yau, ba nisa da Cape Coast. Jiragen ba sa tafiya ko'ina, zaman rumbu suke yi a kan ruwa. Ana sayen mutane ana tarawa a ciki, in jirgin dako ya zo sai ya yi lodi da sauri ya kama hanyar ƙetare teku. Wato yadda dillali ke tara kaya kafin mota ta zo, haka aka yi da 'ya'yan mutane.

Da waɗannan kuɗi Henry ya sayi ƙasar Harewood da Gawthorpe a ƙarshen shekarun 1730, a kan sama da fam 63,000. Ya zama darakta a kamfanin East India, ya shiga majalisa yana wakiltar Northallerton. A 1753 ya kashe kansa, ya bar dukiyar da masanin tarihi S. D. Smith, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan gidan a 2006, ya ƙiyasta ta kusa fam 400,000. A wancan zamani kaɗan ne a Ingila suka kai haka.

Ɗansa Edwin, wanda a Barbados aka haife shi, shi ya gina gidan da muke gani a fim, daga 1759 zuwa 1771. Ya ɗauko gwanayen zamanin: John Carr ya zana ginin, Robert Adam ya ƙawata ciki, Thomas Chippendale ya yi kujeru da gadaje, Capability Brown ya tsara filin da tafkin. Duk wanda ya san tarihin ƙawar Ingila ya san waɗannan sunaye.

Ga wurin da 'yan kasuwarmu za su fi ganewa. Da farko gidan Lascelles bai damu da mallakar gonaki da yawa ba. Bashi suke bayarwa. Mai gonar rake ya karɓi kuɗi, ya jinginar da gonarsa da bayinsa, ya kuma miƙa musu sukarinsa su sayar masa a Landan su cire la'ada. Da ciniki ya taɓarɓare, musamman lokacin yaƙin 'yancin Amurka, masu gonaki suka kasa biya, jingina ta zama mallaka. Tsakanin 1773 da 1787 gidan ya wayi gari da sama da eka 27,000 da bayi 2,947 a Barbados da Jamaika da Grenada da Tobago. Duk wanda ya taɓa zama a zangon goro ko kara ya san yadda mai ba da bashi kan ƙare da riƙe makullin shagon wanda ya ranta wa. Bambancin dai shi ne, a nan abin da ke cikin takardar jinginar har da mutane, da sunayensu da farashin kowanne.

Sai sarauta ta biyo kuɗi. Edwin ya zama Baron a 1790. Wanda ya gaje shi, ɗan'uwansa Edward, aka ɗaga shi zuwa Earl na Harewood a 1812. A zaɓen Yorkshire na 1807, shekarar da Ingila ta haramta fataucin bayi ta teku, Henry ɗan Edward ya kara da William Wilberforce, jagoran masu yaƙi da fataucin, da kuma Lord Milton. Gidan ya zubar da maƙudan kuɗi, amma ya sha kaye da ƙuri'un da ba su kai 200 ba.

Da majalisa ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 na diyya. Wa aka biya? Iyayen gijin bayin. Shi wannan Henry, wanda a lokacin ya zama Earl na biyu, ya karɓi fam 26,309 a kan mutum 1,277 da ke gonakinsa shida a Barbados da Jamaika. In ka raba, kowane rai bai wuce fam 20 da 'yan kai ba. Su bayin ko sisi ba su samu ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki da sunan koyon sana'a har 1838. Gidan bai rabu da gonarsa ta ƙarshe a Barbados ba sai a 1975.

To a 1922 jikan wannan gida ya auri 'yar Sarkin Ingila tilo mace. Daga teburin kwastan na Bridgetown zuwa surukuta da fada, shekara ɗari biyu da 'yan kai. Wannan shi ne Lord Lascelles ɗin da muke gani a fim, mai murtuke fuska, wanda laifinsa kawai a idon marubucin shi ne rashin sakin jiki da matarsa da 'ya'yansa.

Shin aikin fim ne ya faɗi wannan?

Na san abin da wasu za su ce: Malam, fim ne fa, ba ajin tarihi ba. Mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye, ka bar shi ya huta. Na yarda da rabin maganar. Ba na cewa a tsayar da rawa a yi lacca. Kuma mutanen 1927 da ke cikin wancan zaure da wuya su tayar da zancen da bakinsu.

Amma marubuci ne ke zaɓen abin da kyamara za ta gani. Fellowes ya samu wuri ya saka labarin Thomas Barrow da kamen da 'yan sanda suka yi a York, abin da mutanen zamanin ma ɓoye shi suke yi. Ya samu wuri ya saka rigimar Ayalan. Da ya so, jimla ɗaya daga bakin Tom Branson, ko daga bakin Isobel mai son faɗin gaskiya, ta isa. Shiru ma zaɓi ne. Kuma ba laifi a san cewa shi kansa marubucin yana zaune a majalisar dattawan Ingila tun 2011 a ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Wannan bai sa ya zama maƙaryaci ba, amma mai ɗaki ba ya cika nuna wa baƙo inda ke yoyo.

Abin mamakin shi ne, masu gidan sun fi mai fim ɗin ƙarfin hali. Takardun cinikin da aka samu a Harewood an miƙa su ga cibiyar adana tarihi ta Borthwick a Jami'ar York don kowa ya duba. David Lascelles, Earl na takwas, ya fito fili ya amsa asalin dukiyar, kuma a 2023 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Heirs of Slavery, ta jikokin waɗanda suka ci ribar bauta. Jarumin fim David Harewood, baƙar fata ɗan Ingila wanda iyayensa 'yan Barbados ne, ya gano cewa kakanninsa bayi ne a gonakin gidan, daga nan ma sunan nasa ya samo. Ya je har gidan sun zauna da Earl ɗin, daga baya aka kafa hotonsa a can. Ko hoto ya isa ya biya bashin ƙarni biyu? Ni dai ban gani ba, kuma ƙasashen yankin Karibiyan suna nan suna neman diyya ta gaske. Amma aƙalla ba su ce ba a yi ba. Tun 2013 kuma Jami'ar UCL ta Landan ta saka sunayen waɗanda suka karɓi diyyar a intanet, da adadin abin da kowa ya karɓa. Wato shekara shida kafin fim ɗin ya fito, bayanin yana hannun duk mai waya.

Inda abin ya shafe mu

Jama'a, ba don Turawa na tsawaita ba. Damuwata ita ce darasin da yaranmu ke ɗauka ba tare da an faɗa musu da baki ba: wai akwai mutanen da asali ya ɗaukaka, da waɗanda aka halitta don riƙe faranti, kuma zaman lafiya shi ne kowa ya san matsayinsa. Wannan darasi ba baƙo ba ne a wurinmu. Har yau a unguwannin nan akan fasa aure saboda an ce wane ba shi da asali, alhali yaron yana da sana'a da addini da kunya. Akan ce kakansa ɗan dako ne, ko mahauci, ko ba a san garin da ya fito ba.

Kuma kada mu yi wa Bature dariya mu manta da namu. Gidajen sarauta da na attajirai a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 sun mallaki gandaye da rinji da bayi ke nomawa, irin na Fanisau kusa da Kano, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa. Maroƙi in ya tashi wasa gida yakan jero kakanni goma, amma ba ya ambaton wanda ya riƙe fartanya. Aikin da Downton Abbey ya yi wa manyan Ingila ke nan, sai dai shi da kyamara mai tsada ya yi nasa roƙon.

Tarihin Lascelles ya nuna mana yadda ake ƙera asali. Mutum ɗaya ya tara kuɗi ta hanyar da ba a son faɗi, ɗansa ya gina gida, jikoki suka samu rawani, tattaɓa-kunne suka manta. Bayan shekara ɗari sai a ce jini ne. Wanda kakansa ya sauka a wannan zango da tabarma da buta, ya yi dako ya yi talla har ya kafa gida, ba shi da dalilin sunkuyar da kai a gaban irin wannan asali. Shi nasa tarihin ana iya faɗinsa gaba ɗaya a gaban 'ya'ya, ba sai an tsallake wani shafi ba. Ba kuma ina cewa jikan yau ya ɗauki zunubin kakansa ba ne, addininmu ma bai ce haka ba. Amma wanda ya gaji gida da gona ya gaji nauyin faɗin gaskiya a kansu.

Shawarata ga iyaye: ku kalli fim ɗin, akwai nishaɗi, babu tsiraici, ko da yake akwai wurare biyu ko uku da ya kamata babba ya fara dubawa kafin yara ƙanana su gani. In aka zo wurin liyafar ƙarshe, kyamara ta nuno dogon ginin nan da fitilu da matakala, ku ɗan tsayar, ku gaya wa yaran sunan Anomabu da adadin nan na 1,277. Sannan a ci gaba da kallon rawar.

A ma'aunina, wajen iya aiki na ba shi bakwai cikin goma. Wajen faɗin gaskiya kuwa, uku ma na yi masa kara.